Shirun Madugu

Ummi, Nana, na san akwai ranar da wani zai dube ku a gidan biki ko a bakin famfo ya ce, au, ɗiyan Sanusi mai fassara ne, wanda ya ɓata Madugu. Yana dariya zai faɗa, ba ma da mugun nufi ba, kamar yadda ake faɗin unguwar su mutum. Ku kuma ba za ku san abin cewa ba, don mahaifinku ba ya maganar, mahaifiyarku kuwa da an taɓo ta sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ban kai shekarun da ake zama rubuta tarihin rayuwa ba. Amma an sa ranar aurena, za a kai ni nesa da Dutsin-Ma, kuma na lura idan aka bar ma gari labari, gari yana sassaƙe shi yadda zai yi mashi daɗin faɗa. Shi ya sa a cikin abin da nake rubutawa na ware ma waccan shekarar wuri nata, don ku ji ta daga bakin wadda ke tsaye bayan ƙofa lokacin da aka yi komai.

Ni ce auta a gidanmu, kuma da Auta kowa ke kirana. Innarmu, wadda kika ci sunanta, Ummi, ta rasu ba a yaye ni ba. Gwaggo, yayar Baba, ita ta taso daga Wurma ta riƙe mu, ni da Yaya Sanusi, mahaifinku, wanda ya ba ni shekaru masu yawa. Baba yana fataucin hatsi tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, ya fita da sassafe ya dawo da ƙurar buhu a gira. A gidan nan ba a hirar Inna. Idan na tambayi Gwaggo sai ta ce Allah ya jiƙan ta, ta ci gaba da tankaɗe. Baba kuwa ban taɓa samun ƙarfin zuciyar tambayarsa ba. Na girma ina da uwa wadda ba ta da fuska, ba ta da murya, sai suna da addu'a.

Yaya mai fassarar fim ne. Yakan ɗauko fim ɗin ƙasar waje, ya rage sautinsa, ya ɗora muryarsa a kan kowa da ke ciki: maza, mata, tsofaffi, har da mutum-mutumin ƙarfe, wanda yake yi ma magana ta hanci. Ɗakin aikinsa yana bayan zaure, an manna ma bangon tsohuwar katifa da kwalayen ƙwai don kada kukan akuya ya shiga. Idan ya gama sai ya kai ma Alhaji Isiya, mai shagon turi a kusa da tasha, shi kuma ya tura ma mutane a waya. Daga nan muryar Yaya ta hau babur ta tafi Karofi, ta tafi Dabawa, ta tafi Kurfi, ta kwana a aljihun mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Ya fassara finafinai da yawa, amma wanda ya ɗaga shi dogon fim ne mai zango-zango, wanda shi da kansa ya raɗa ma suna Ayarin Sama. Labarin wasu mutane ne da rana ta ƙone duniyarsu, waɗanda suka tsira suka shiga manyan jirage suna yawo tsakanin taurari, suna neman ƙasa mai ruwa. Jagoransu wani dattijo ne mai farin gemu da ɗingishi. Sunansa na asali yana karya harshe, sai Yaya ya ce da shi Madugu, sunan kuma ya zauna. Ban san yadda zan kwatanta maku son da garin nan ya yi ma Madugu ba. 'Yan acaba sun manna hotonsa a tankin babur. Mai shayin bakin tasha ya rubuta sunansa a jikin teburi. Idan aka haifi yaro aka sa mashi sunan kakansa, ana neman laƙabin da za a riƙa kiransa da shi don kunya, sai uban ya ce a ce Madugu. A majalisa idan gardama ta yi zafi, wani zai ce Madugu dai ba haka zai yi ba, sai ka ga an sassauta.

Akwai wata ƙa'ida a aikin fassara wadda sai kun san ta za ku gane sauran labarin. Mai fassara ba ya barin fili. Idan hoto yana tafiya ba a magana, mai kallo zai ɗauka turin ne ya lalace, ya koma shago ya ce a sake mashi. Don haka ko mutum ruwa yake sha a fim, sai mai fassara ya ce wani abu. To a Ayarin Sama, kusan kowane kashi akwai inda Madugu ke zuwa gaban wata babbar taga shi kaɗai, ya tsaya yana kallon duhu, ba ya cewa uffan, sai kiɗa a hankali. Yakan daɗe a tsayen. Masu fim ɗin ba su taɓa faɗin abin da yake tunani ba. Da farko Yaya yana cike wurin da abin dariya, ya ce dattijo yana lissafin sauran garin tuwo. Wata rana ina zaune a bayan ƙofar ɗakin da littafina, inda nake son zama, sai na ji ya sauke murya ya fara wata magana dabam.

"Inna, yau ma ba mu samu ruwa ba. Na tuna ki kina shanya kuɓewa a kan rufin ɗaki, kina korar kaji da bakin zane. Kin hana ni cin abinci a tsaye. Ga shi yanzu komai a tsaye nake yi. Allah ya kai haske kabarinki."

Ba wanda ya tambayi inda aka samu kuɓewa da kaji a sararin samaniya. Mutane kuka suka yi. Daga ranar, duk lokacin da Madugu ya tsaya a tagar nan, da Inna yake magana, kuma abin da aka fi jira ke nan a kowane kashi. Ni kuwa a nan na san uwata. A bakin wani dattijon Bature da ke tsaye cikin taurari na ji cewa tana da wushirya, tana waƙa ƙasa-ƙasa in tana niƙa, tana tsoron tsawa, kuma in za ta yi ma yaro faɗa sai ta fara gyara mashi wuyan riga. Yaya bai taɓa zama ya ba ni labarinta ido da ido ba, ina jin ba zai iya ba. Ta makirufo yake ba ni, ni kuma ina tsinta a bayan ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kalar gyaɗa a gonar da aka riga aka cire.

Shekarar da nake ba ku labari ina jami'a a nan Dutsin-Ma, ina karanta adabin Turanci, don haka Yaya ya fara zaunar da ni in warware mashi wuraren da suka yi tsauri. A da da kunne da ido yake aiki, kuma yana kamo mafi yawa. Sai labari ya zo cewa masu Ayarin Sama sun yi sabon fim, ba ci gaba ba, mafari: ƙuruciyar Madugu, tun kafin ayari ya tashi. Gari ya ɗauka. Alhaji Isiya ya rataya ƙyallen talla a ƙofar shago. Duk inda Yaya ya bi sai a ce, Malam Sanusi, yaushe za mu ga Inna? Abin da kowa ke jira ke nan, har ni. Na yi kwanaki ina zana mata fuska a raina.

Da damina ne, da hantsi, an ɗauke ruwa ke nan, muka zauna mu biyu muka kalla kafin ya fara ɗora murya. A fim ɗin Madugu saurayi ne, ba gemu ba ɗingishi, mai tsaron ƙofar jirgi na ƙarshe. Wuta tana tahowa daga bakin gari, jama'a suna gudu zuwa jirgin. An ba shi umarni ya ƙara jira, akwai sauran lokaci. Shi kuwa tsoro ya kama shi, ya ja ƙofar tun lokaci bai yi ba. Cikin waɗanda aka bari a waje wata mata ta iso jikin gilashin, tana bugawa da tafin hannu, tana magana. Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya murɗa makulli. Daga baya ya ce ma manyansa ba kowa a waje, aka yaba mashi, daga nan ya fara hawa.

Yaya ya tsayar da hoton.

"Auta, mi ta ce?"

"Ta ce, ɗana, ni ce."

"Sake saurare. Ƙila maƙwabciya ce. Ai kowace babba tana iya ce ma yaro ɗana."

Na sake saurare, ko da yake na ji tun farko.

"Yaya, shi ma ya kira ta uwa. A hankali ya faɗa, amma ya faɗa."

Ya zare abin kunnensa ya aje a cinya. Ruwan indararo yana ɗiga a waje. Can ya ce, "Ashe abin da yake kallo a tagar nan ke nan."

Ya fassara fim ɗin yadda yake, bai rage ba bai ƙara ba. Da muryarsa ya yi matar, da muryarsa ya yi ɗan. Bayan an rufe ƙofa akwai inda saurayin ke zuwa gaban taga, karo na farko a rayuwarsa, ya tsaya. Ina ji daga waje Yaya ya ja numfashi zai fara, ya fasa. Ya maido hoton baya, ya sake ja, ya sake fasawa. A ƙarshe ya bar wurin haka nan, ba magana, sai kiɗa. Bai taɓa yin haka ba tun da ya fara aiki.

Ranar da aka saki fim ɗin, kafin azahar shagon Alhaji Isiya ya cika da masu cewa sauti ya ɗauke a tsakiya, a sake masu turi. Kafin la'asar sun gane ba turin ba ne. Daga nan abin ya tashi. Na duba a wayata na ga can ƙasashen ma faɗa ake yi, wasu suna cewa ba a taɓa yin kashi mai kyau irinsa ba, wasu suna cewa an kashe masu abin da suka girma da shi. Amma su da masu fim suke faɗa, mutanen da ke bayan teku, waɗanda ba za su taɓa haɗuwa da su ba. Mu namu mai laifin yana kusa. Yana sayen burodi a teburin da kowa ke saye, yana sahu ɗaya da kowa a masallaci.

Ba kowa ne ya ƙi fim ɗin ba, kada in yi ma gari ƙarya. A jami'a ɗalibai sun yi ta yabonsa, suna cewa yanzu ne Madugu ya zama mutum. Madam Ladi, telar da ke ɗinki a bakin layinmu, wadda ta zo daga kudancin Kaduna, ta tare ni da allura a baki ta ce, "Ki ce ma yayanki ni na fi son tsohon yanzu. Wanda bai taɓa jin tsoro ba, mi zai koya mani?" Amma waɗannan ba su ne masu yawa ba, kuma ba su ne masu ƙarfin murya ba. 'Yan acaba suka riƙa kankare hoton da reza. Mai shayi ya shafe sunan da baƙin fenti. Wani maƙwabcinmu ya tsaya a tsakar gidansa ya ce daga yau duk wanda ya sake kiran ɗansa Madugu bai yafe ba, yaron yana ta kuka don bai san wani suna nasa ba. A gidan biki na ji mata suna yi a kan tukunyar shinkafa, ba su san ni ce ƙanwar ba.

"Ni abin da ya ƙona mani rai, hawayen da na zubar. Ina kuka yana kiran Inna, ashe shi ya bar ta wuta ta cinye."

"Ke, ba laifin Madugu ba ne. Mai fassarar ne. Ko da can ƙarya yake mana, ko yanzu yake yi. Ya zaɓi ɗaya."

"An ce biyansa aka yi, don yaranmu su raina iyaye."

"Wa ya biya shi?"

"Yo wa ya sani? Ai ba a gabanki za a ba shi ba."

Bayan kwana biyu Alhaji Isiya ya zo gida da wasu mutum biyu daga majalisar tasha. Bayan la'asar ne, aka yi masu shimfiɗa a zaure, na kai ruwa na koma bayan ƙofa. Alhaji Isiya mutum ne mai fara'a, ba na jin ya taɓa ƙin Yaya a ransa. Da raha ya fara.

"Malam Sanusi, ka hana garin nan barci. Ni kuma ka hana ni cin abinci, don duk wanda aka ɓata ma rai shagona yake zuwa, kamar ni na rufe ƙofar."

"Alhaji, abin da ke ciki na faɗa."

"Na sani. Wa ya ce ka yi ƙarya? Gyara kaɗan muka zo nema. Hoto ai ba ya magana, kai ke magana. Matar nan, ka ce 'yar leƙen asirin abokan gaba ce ta yi shigar uwarshi. Ko ka ce mayya ce, ya fi sauƙin ganewa. Yaro ya gane ta, ya rufe ƙofa, ya ceci ayari. Shi ke nan, kowa ya huta."

"Ba za a ce ita ta umarce shi ya rufe ba?" in ji ɗaya daga cikin baƙin.

"Tana dukan gilashi tana kuka? Haba, Malam Audu, mutane ba makafi ba ne. Mayya dai."

Yaya ya ce, "To ina uwar tashi ta gaskiya?"

"Layi ɗaya ne. Ka ce ta rasu tun yana ƙarami, kamar dai..." Sai ya tsaya, ya ɗauki kofi ya sha ruwa. Da ya aje ya sake sakin fuska. "Kuma tsakani da Allah, ai ba yau ka fara ƙari ba. Kuɓewar nan da ake shanyawa a cikin taurari, Bature ne ya rubuta ta?"

Suka yi dariya. Yaya ma ya yi, kaɗan. Ya ce su ba shi lokaci ya yi tunani.

Washegari da safe, kafin Baba ya fita, maganar ta tashi a tsakar gida a kan koko da ƙosai. Mahaifiyarku, Anti Rabi, tana da tsohon cikinki, Nana, ke kuma Ummi kina tatata kina kama kafaɗar kowa. Ita ta fara, ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Ummi, fim ne fa. Matar nan tana can ƙasarsu tana shan shayinta, ba ta san kana yi ba. Ka ce mata mayya, ka ce mata sarauniya, duk ɗaya ne a wurinta. Mu ne nan za mu ji a jikinmu."

Gwaggo ta ce, "Ni tun farko ban ga abin tada jijiyar wuya ba a kan mutanen da ke yawo a sama, ko gona ba su da ita. Ka yi masu yadda suke so, Sanusi, ka ga matarka a wane hali take."

Baba ya kurɓi koko ya ce, "Ni a kasuwa in mutum ya ce farin wake yake so, ba na tsayawa gardama. Aunawa nake."

Na ce bari in sa baki, don na kwana da maganar a raina. Na ce ai babu abin da ya rushe. Duk abin da Madugu ya faɗa a tagar nan yana nan daram, ya ma fi nauyi yanzu, don wanda ya bar uwarsa a waje shi ne zai ƙare rayuwarsa yana kiranta. Na ce da mutane za su sake kallo daga farko, da sun gani.

"Ke da karatunki," in ji Gwaggo. "Je ki tasha ki faɗa ma 'yan acaba."

Yaya bai taɓa kokonsa ba. Ya dubi Baba, abin da ba ya yawan yi.

"Baba, shekara da shekaru ina kiran matar nan Inna. Ban san za ta fito ba. Duk abin da na riƙe na Inna na ɗora mata, wushiryar, waƙar niƙan, tsoron tsawar. Yanzu ta fito na ga fuskarta, tana bugun ƙofa, sai in buɗe baki in ce mayya ce, gari ya yi tafi?"

"Ba ita ba ce, Sanusi."

"Na sani. Ni na sani. Bakina ne bai sani ba."

Baba ya wanke hannu, ya ɗauki hularsa, ya nufi zaure. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ba tsawa take tsoro ba," ya ce. "Walƙiya ce. In ta ga hasken take rufe ido, ƙarar ba ta dame ta ba."

Ya fita. Wannan ita ce magana ta farko da na taɓa ji daga bakinsa a kan Inna, kuma a ranar na gane duk shekarun nan ba ni kaɗai ke saurare ta bayan bango ba.

Yaya ya je ya ce ma Alhaji Isiya ba zai iya ba. Alhaji bai yi fushi ba, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, har ya raka shi bakin titi. Ba a jima ba sai ga wata fassarar daga hannun wani mai fassara na birni. A cikinta matar tana isowa jikin gilashi sai mai fassarar ya yi mata wata irin dariya ta tsofaffin mayu, a kan fuskar da ke zubar da hawaye, sannan ya ce da muryar saurayin, na gane ki, tsinanniya. Inda Yaya ya bar shiru kuwa, shi ya cika shi da kirari. Garin ya yi ajiyar zuciya. Hotuna suka koma tankin babur, mai shayi ya sayo farin fenti, ɗan maƙwabcinmu ya samu sunansa. Alhaji Isiya ya goge ta Yaya daga kwamfutarsa don kada a yi kuskuren tura ta, sauran shaguna suka bi. Mutanen da suka ga ta farko da idonsu suka fara cewa ai dama wannan ce ta asali, waccan Sanusi ne ya ɓata.

Ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Ya fassara wasu finafinan, har da na ban dariya, ya kai shago, aka karɓa da hannu biyu aka aje. Masu saye sukan tambaya, muryar wa? In aka ce ta Sanusi, sai su ce a'a, kada ya sake yi mana irin ta rannan. Ɗaliban da suka yaba mashi kuwa, da Turanci suke kallon finafinansu, ba su taɓa sayen fassara ba, kuma ba su fara ba don shi. Na ji haushinsu fiye da na 'yan acaba, har yau ma ina ji. Su 'yan acaba ko ba komai son abin suke yi da gaske.

Bayan sunanki, Nana, ya sayar da kayan aikin. Aka ɓamɓare katifar daga bango, Gwaggo ta shanya ta ta ce ai da sauranta, aka mai da ɗakin wurin aje buhuna. Baba ya ce gwiwarsa ta fara damunsa, yana son mai zama mashi a rumfar Kurfi. Ban sani ba ko gwiwar ce da gaske. Haka kuka koma Kurfi kuna ƙanana, haka ni kuma na rasa inda nake zama da littafi.

Ga abin da nake so ku riƙe. Ba wanda ya biya mahaifinku. Bai zauce ba, kamar yadda wasu suka ce daga baya. Ya yi ƙari a fassara, wannan gaskiya ne, kuma kowa ya ji daɗin ƙarin muddin yana yi masu daɗi. Mahaifiyarku ma ba ta yi kuskure ba, duk abin da ta hango ya faru, kuma ita ta ɗauki mafi nauyinsa ba ta taɓa ce mashi ai na faɗa ba. Abin da na kasa haƙura da shi shi ne, tsofaffin zangunan Ayarin Sama har yau da muryarsa ake kallonsu. Ba wanda ya goge su. Har yau mutane suna kuka idan Madugu ya tsaya a taga. Sun riƙe uwarmu a wayoyinsu, sun kori ɗanta.

Kwanan baya na je Kurfi ranar kasuwa kai ma mahaifiyarku ankon bikina, na biya ta rumfa in gaida Yaya. Ya yi ƙiba kaɗan, gemunsa ya fara fari. Muna cikin hira yana tsokanata da zancen ango, sai wani mutum ya tsaya, daga ganinsa daga ƙauye ya shigo, da buhu a kafaɗa da waya a aljihun gaba tana magana. Muryar Yaya ce ke fita daga aljihun, ta shekarun baya, mai laushi, tana tsakiyar hira da Inna. Mutumin ya ga na kalli aljihun, sai ya yi murmushi ya dafa shi.

"Hajiya, kin san shi ko? Madugu ke nan. Ni in ina tafiya ba na buƙatar hoton, maganar ta ishe ni. Mai muryar nan ya iya, wallahi. An ce daga baya Turawa suka saye shi ya lalace. Asara." Ya juya wurin Yaya. "Malam, nawa tiyar farin wake?"

Yaya ya buɗe baki, na ga ya buɗe. Sai ya dubi aljihun da muryarsa ke fita, ya rufe. Ya sunkuya ya cika tiya ya tsaya yana dubana. Ni na faɗi kuɗin. Mutumin ya nemi ragi, Yaya ya ɗaga kai alamar ya yarda, ya riƙa aunawa yana zubawa a buhun, muryarsa tana ta fita daga ƙirjin wani. Da ya gama ya ɗaure bakin buhun ya taya shi ɗorawa a kafaɗa.

Mutumin ya ɗan dube shi, ya dube ni.

"Shi Malam ba ya magana ne?"

"Mura yake yi," na ce.

"Ayya. Allah ya sawwaƙe."

Yaya ya ɗaga mashi hannu.